YADDA INJI KE MANNE LEDA DA TAKARDA, DA ABIN DA MAI AJIYAR WAKE YA KAMATA YA SANI



Duk shekara in kaka ta yi, wake ya zo gida, sai a shiga kasuwar Filinge, ko ta Bonkuku, ko ta Abala, ana neman buhu da tamfol. Wani ya sayi mai kyau, ya yi shekaru yana mora. Wani ya sayi wanda ba ya kai wata biyu. A ido duk kamarsu ɗaya. Bambancin yana can wurin haɗi, tun a masana'anta.

Ku ɗauki takardar madarar gari wadda yara suka yar. Ku yage ta a hankali, ku dubi bakin yagewar. A waje akwai zane da rubutu. A tsakiya akwai wani abu mai ƙyalli kamar azurfa. A ciki akwai leda mai santsi. Abu uku ne aka manne suka zama ɗaya. Haka kwalin sabulu yake. Haka tamfol yake. Yau za mu ga yadda ake wannan aiki, don in mun je saye mu san abin da za mu duba.

MU FARA DA MAI FACIN TAYA

Kowa ya taɓa tsayawa wurin mai faci. Ku tuna yadda yake yi.

Da farko yana kankare wurin da ya huje, ya goge ƙura. Sa'an nan ya shafa gam, ya bari ya sha iska kaɗan. Daga nan ya ɗora facin, ya danne da ƙarfi. Wani yana bugawa da guduma, wani yana matsewa da ƙarfe mai zafi. A ƙarshe ya dakata kafin ya hura iska.

Abu huɗu ke nan: tsabta, da abin mannewa, da matsi, da lokaci. In ɗaya ya ɓace, faci ya ɗaye a hanya. Baduku ma haka yake yi in zai haɗa fata biyu don ƙasan takalmi. Babbar masana'anta ba ta da wani asiri da ya wuce waɗannan huɗu. Abin da ta fi mu da shi sauri ne da daidaito.

ME YA SA SAI AN MATSE?

Leda da takarda muna ganinsu sumul. Amma in aka duba da madubin likita, fuskarsu tudu da kwari ce. In ka ɗora ɗaya bisa ɗaya, tudu da tudu kaɗai ke haɗuwa. Cikin kwarin kuwa iska ce ke zaune. Gam ba ya kamawa sai inda ya taɓa.

Matsi yana yin aiki biyu. Yana korar iskar da ta laɓe a tsakani. Yana kuma tura gam cikin kowane kwari, har fuska biyu su haɗu ko'ina. Duk inda iska ta rage, nan ne ƙuruciyar ɓarna. Wurin zai kumbura, ruwa ya shiga, daga nan ya fara ɗayewa.

YADDA INJIN YAKE

Mata sun san injin murza taliya. Yana da ƙarafa biyu masu juyawa. Ana sa kwaɓin fulawa a tsakaninsu, ya fito shimfiɗe, kauri ɗaya. To, injin masana'anta haka yake, sai dai ƙarafansa manya ne kamar ganga, faɗinsu ya fi mita guda. Bari mu kira su ganguna.

Leda da takarda suna zuwa a naɗe kamar tabarma. Naɗi guda yana da tsawon dubban mitoci. Ana ɗora naɗi ɗaya a nan, ɗaya a can. Inji ya jawo bakinsu, ya haɗa su a tsakanin ganguna biyu. Su shiga su biyu, su fito abu guda, a sake naɗewa a ɗaya gefen. Aiki ba ya tsayawa. In naɗi ya kusa ƙarewa, sai a liƙa bakin sabo a wutsiyar tsoho.

Ganga ɗaya ta ƙarfe ce, ɗayar an yi mata rigar roba. Dalili shi ne roba tana lotsawa, saboda haka matsin ya bazu daidai daga wannan gefe zuwa wancan.

Ma'aikacin inji yana lura da abu uku. Na ɗaya, ƙarfin matsi: in ya yi kaɗan iska ta rage, in ya yi yawa gam ya tsiyaye ta gefe. Na biyu, ja: in an ja leda da yawa ta miƙe, daga baya ta koma ta nannaɗe, in an sassauta ta yamutse. Na uku, gudu: in inji ya cika sauri, gam bai samu lokacin kamawa ba.

Har kankarewar mai faci ana yi. Fuskar leda santsi gare ta, gam da tawada ba sa son zama a kanta. Don haka kafin ta isa ganguna, ana bi da ita ƙarƙashin tartsatsin lantarki. Wannan yana sa fuskarta ta karɓi gam.

Injin zamani yana iya haɗa mita 200 a minti guda, wasu ma sun fi haka. Mu yi lissafi. Mita 200 sau minti 60 ya ba da mita 12.000, wato kilomita 12 a awa guda. Daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne. Ke nan cikin awa 15 wannan inji zai fitar da abin da za a shimfiɗa tun daga nan har Yamai.

HANYA TA ƊAYA: GAM MAI RUWA

Da wannan hanya ake yin kwali. Ku yage kwali ku gani. Akwai takarda a sama, akwai takarda a ƙasa, ta tsakiya kuwa a lanƙwashe take kamar kwanon rufi.

Takardar tsakiya ana turara ta da tururi don ta yi laushi. Sai ta bi tsakanin ganguna biyu masu haƙora, masu zafi, ta fito da kunya-kunya kamar gona. A shafa gam a kan tudun kowace kunya, a danna mata shimfiɗaɗɗiyar takarda. A yi haka a ɗaya fuskar ma. Sa'an nan duka su bi ta kan faranti masu zafi har gam ya bushe.

Gam ɗin ba wani abin mamaki ba ne. Sitaci ne na masara ko na rogo ko na alkama, ɗan'uwan kamun da ake dama koko. Shi ya sa kwali ba ya shiri da ruwa, kuma gara da kyankyaso suna sonsa.

Wani Ba'amurke mai suna Albert Jones ya yi rajistar takarda mai kunya don naɗe kaya a shekarar 1871. A 1874 wani mai suna Oliver Long ya ƙara manna mata shimfiɗaɗɗiyar takarda. Daga nan kwali ya samo asali.

Wannan hanya tana yiwuwa ne don takarda tana barin ruwa ya fita. In leda ce da leda, ruwan gam ba shi da mafita.

HANYA TA BIYU: GAM BUSASSHE

Nan ne takardar madara ta shigo. Ana shafa gam siriri a kan leda. Ledar ta ratsa wani dogon ɗaki mai iska mai zafi, gam ya sha iska kamar na mai faci. Sai a haɗa ta da ɗayan abin a tsakanin ganguna masu ɗumi. Bayan an naɗe, a ajiye naɗin kwana biyu ko fiye, har gam ya gama kamawa.

Kowane ɓawo da aikinsa. Na waje yana da ƙarfi, shi ke ɗauke da rubutu. Na tsakiya alminiyam ne, ƙarfen nan marar nauyi da ake tukunya da shi, an murje shi har ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Shi ke tare haske da iska da raɓa. Na ciki leda ce mai narkewa da wuri, da ita ake liƙe baki. Kowanensu shi kaɗai ba zai iya ba. Alminiyam shi kaɗai yagewa yake. Leda ita kaɗai tana barin iska ta ratsa sannu a hankali. In an haɗa su, kowane ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

HANYA TA UKU: NARKAKKIYAR ROBA

Da ita ake yin tamfol, da buhunan nan masu santsi na taki da fulawa.

Da farko ana saƙa zaren roba kamar tabarma. Saƙa tana da ƙarfi, amma ruwa yana bi ta idanunta. Don a toshe su, ana zuba ƙwayoyin roba cikin inji, kamar ƙwayar dawa. Inji ya narkar da su da zafi kusan digiri 300. Ku tuna ruwa yana tafasa ne a digiri 100. Narkakkiyar robar ta fito ta wani dogon tsagi, ta sauko kamar labule, ta faɗa kan saƙar daidai bakin ganguna. Ganga ta danna ta cikin idanun saƙa. Gangar ƙarfen akwai ruwan sanyi yana gudu a cikinta, saboda haka robar ta daskare nan take, kafin zafinta ya ɓata saƙar. A nan ba a bukatar gam. Robar ita ce gam, ita ce kuma riga.

Da irin wannan hanya ake yin kwalin madarar ruwa da ke daɗewa ba ta lalace ba. Kamfanin Tetra Pak na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1951, shi ya yi suna a kansa. Kwalinsa ɓawo shida ne: takarda, da alminiyam, da leda hawa huɗu. Makiyayi ya san nonon da aka tatsa da safe ba ya kai gobe bai yi tsami ba. Amma madarar da aka dafa da zafi mai tsanani, aka rufe cikin wannan kwali, tana yin watanni.

HANYA TA HUƊU: ZAFI DA MATSI KAƊAI

Leda da leda ba sa bukatar gam. In an ɗora ɗaya kan ɗaya, aka danne da ƙarfe mai zafi, fuskokinsu su narke su cakuɗe. In sun huce sun zama abu guda. Irin ledar da ake buhu da ita tana narkewa tsakanin digiri 110 da 130. A Ingila aka gano ta a shekarar 1933.

Haka ake liƙe ledar ruwan sha. Haka mai hoto yake rufe katin shaida cikin leda. Kuma haka ake liƙe gindin ledar buhun wake. Nan muka zo kan abin da ya fi shafarmu.

BUHUN WAKE MAI HAWA UKU

Ƙasarmu ta Dallol Boso ƙasar hatsi ce da wake. Kowa ya san da kaka wake araha yake, da bazara ya yi tsada. Abin da ke hana manomi jira shi ne ƙwari. Ƙwaro yana yin ƙwai a jikin ƙwayar wake tun daga gona. Tsutsa ta shiga ciki ta ci, ta fito ƙwaro cikin kamar wata guda, ita ma ta yi nata ƙwan. Kafin wata uku ko huɗu buhu ya koma huji da gari.

Masana na jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, sun fara gwada ajiyar wake cikin leda uku a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka fara babban shirin yaɗa buhun da ake kira PICS a ƙasashe goma na Afirka, har da Nijar. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, reshen Maraɗi, ta yi gwaje-gwaje da yawa a kansa, tare da Dokta Ibrahim Bawa. Masana'antar Lela Agro ta Kano tana cikin waɗanda suka fara ƙera shi da yawa.

Buhun yana da saƙaƙƙen buhu a waje, da leda biyu masu kauri a ciki. Akwai na kilo 50, akwai na kilo 100. Kaurin kowace leda maikuron 80 ne. Wato in ka jera 12 bisa juna, sun kusa milimita guda.

Ga yadda ake yin ledar. Ana narkar da roba, a hura mata iska ta kumbura, ta tashi sama kamar doguwar hanji. In ta huce, ganguna biyu su matse ta ta kwanta, a naɗe. Sai a yanka daidai tsawon buhu, a liƙe gindi da ƙarfe mai zafi. Wannan liƙin gindi shi ne ran buhun.

Buhun ba shi da magani a ciki. Ƙwari suna numfashi kamar mu. In an ɗaure baki, su shanye ɗan abin da ya rage na iska mai amfani. Daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Amma in akwai ƙofa ko da ta allura ce, iska ta ci gaba da shiga, su ci gaba da rayuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku lura, hawa ukun nan ba a manne su da juna ba. Kowane zaman kansa yake, kowane da ɗaurinsa. In ɗaya ta huje, ɗayar tana nan. Akwai kuma wasu buhunan ajiya masu leda guda, wadda aka haɗa ɓawo da yawa a jikinta tun a masana'anta. Su ma aikinsu hana iska ne.

Kada a ruɗe da buhun taki mai santsi. Ko da yake an yi masa rigar roba, da allura aka ɗinke gindinsa, iska tana bi ta nan. Kuma buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko maganin ƙwari ba na abinci ba ne.

ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A BIYA KUƊI

1. Ledar buhun wake: a buɗe ta, a kaɗa ta cika da iska, a riƙe bakin, a danna. In ta saki, akwai huji. A mayar.
2. A dubi layin liƙin gindi. Ya zama miƙaƙƙe, ba yankewa, ba ƙuna, ba ƙurji. A sa hannu ciki a ja gefe biyu a hankali. In ya buɗe, zafi ko matsi bai isa ba.
3. Tamfol: a ɗaga shi wajen rana. In haske yana ɗigowa ta ƙananan ƙofofi, ruwa ma zai bi.
4. A murza kusurwar tamfol tsakanin hannu biyu, a karta da farce. In rigar ta tashi ta bar saƙa, ba a manne shi da kyau ba.
5. Madara, da iri, da maganin sha: in takardar ta kumbura, ko ɓawonta ya rabu, ko bakin ya buɗe, kada a saya.

Araha ba ta ado. Wanda bai tabbata ba, ya tambayi malamin gona.

YADDA ZA A ZUBA WAKE

1. Wake ya bushe sosai, a sheƙe shi, a fid da tsakuwa da itace masu huda leda.
2. A sa leda cikin leda, a sa su cikin saƙaƙƙen buhu.
3. A zuba wake, ana girgizawa don ya zauna. A bar wurin ɗauri.
4. A danne ledar ciki a kori iska, a murɗe baki, a lanƙwasa, a ɗaure tam. Sa'an nan ta biyu. Sa'an nan buhun waje. Kowane dabam.
5. A ɗora buhu bisa itace, nesa da bango, cikin inuwa. A yi maganin ɓera.
6. Kada a riƙa buɗewa. Na cin gida a ware shi dabam.

Ba a sa maganin ƙwari a ciki. In an kula da buhun bai huje ba, ana sake aiki da shi wata shekara.

IN SUN TSUFA FA?

Abin da inji ya manne da wuya ya rabu. Leda ba ta ruɓewa kamar kara. In an yar, iska ta kai ta makiyaya. Saniya ko tunkiya ta haɗiye, ta cunkushe a tumbi, dabba ta rame ta mutu. Mahauta suna ganin haka in sun yi fiɗa. Mu da muke alfahari da shanun Azawak na Tukunus, bai kamata mu bar wannan ba. A shekarar 2014 Nijar ta kafa dokar hana sirarar leda saboda irin wannan ɓarna.

Ledar buhu da ta huje ba ta ajiyar wake kuma, amma tana rufe kaya daga ƙura. Tsohon tamfol yana shanya. Abin da ya ƙare sarai a tara shi wuri ɗaya inda dabba ba ta kai. Kada a hura wutar girki da leda, hayaƙinta yana cutar ƙirji.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa huɗu mai faci da masana'anta suka yi tarayya a kai?
2. Wane aiki matsi yake yi?
3. Me ya sa buhun taki ba ya kashe ƙwarin wake?
4. Inji yana haɗa mita 200 a minti guda. Mita nawa zai haɗa a minti 30?

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Ranar kasuwa kuma, kafin a ƙirga kuɗi, a hura leda a gani.